Shatar Jirgi a Bakin Bahar Maliya

Kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, akwai wata sana'a da ake yi a tashar jiragen ruwa ta Fot Sudan wadda ba kowane Bahaushe ya san da ita ba. Masu hannu da shuni daga Turai, musamman mutanen Italiya, sukan haɗu su goma ko fiye, su ɗauki shatar jirgin ruwa na shaƙatawa har tsawon mako guda ko biyu. Mai jirgi shi zai kawo matuƙi da kuku da abinci da ruwan sha, su kuwa nasu su biya su hau. A ciki za su ci, a ciki za su kwana, da rana kuma su nutsa ƙarƙashin ruwa don kallon duwatsun murjani na Sanganeb, ko gidan da Bafaranshen nan Jacques Cousteau ya kafa a ƙasan teku a Sha'ab Rumi a 1963, ko gawar jirgin Italiya mai suna Umbria, wanda matuƙansa suka nutsar da gangan a 1940 yana cike da bama-bamai, don kada ya faɗa hannun Ingilishi. Komai na irin wannan shata a rubuce yake: ranar tashi, ranar dawowa, yawan mutanen da jirgi zai ɗauka, da wanda zai ɗauki asara in wani abu ya faru.

Wannan ruwa da ake biyan kuɗi don a yi wasa a cikinsa shi ne Bahar Maliya, kuma kakanninmu ma sun yi cinikin jirgi a bakinsa. Ni mutumin Unguwar Hajji ne a ƙasar Karaye, inda ruwa mafi girma da yaro ke tashi ya gani shi ne dam ɗin Challawa, shi ma sai a 1992 aka gama shi. Amma sunan garinmu yana ɗauke da hajji, kuma daga farkon ƙarni na 20 har zuwa lokacin da jirgin sama ya zama na kowa, kusan duk wanda ya dawo ƙasar nan ana ce masa Alhaji ko Hajiya sai da ya ƙetare wannan teku sau biyu. Labarin tafiyar ƙafa zuwa Makka sananne ne, ana ba da shi a zaure da majalisa. Abin da aka cika tsallakewa shi ne 'yan kwanakin da ake yi a kan ruwa. A ganina nan ne tafiyar ta fi haɗari, domin nan ne dabarun matafiyi Bahaushe suke ƙarewa, ya koma yana ciniki da baƙo a kan ransa.

Mu fara da abin da ya sa talaka ya kama hanya tun asali. A mazhabar Malikiyya, wadda ake karantarwa a zaurukan malamanmu, ba a ɗaure ikon zuwa hajji da mallakar abin hawa da cikakken guzuri ba. Wanda ke da ƙarfin tafiya da ƙafa, yana kuma da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, ana lissafa shi cikin masu iko. Hukuncin ya zo daidai da halin Bahaushe kamar an gwada. Wanzami ya rataya zabirarsa, malami ya ɗauki allo da tawada, manomi kuwa ƙarfinsa ne jarinsa. Littafin Muhtasar na Shaihu Halil bai bar maganar teku ba: ya daidaita shi da tudu wajen wajabcin tafiya, sai fa in halaka ce ta fi rinjaye, ko kuma jiri da amai za su hana mutum cika wani rukuni na salla, ya kuma ƙara wa mace sharaɗin a keɓe mata wurinta a cikin jirgi. Ke nan malamin da ya tashi daga Karaye bai taɓa ganin teku ba, amma ya san hukuncinsa tun yana ɗalibi. Abin da littafi bai koya masa ba shi ne yadda zai tsaya a gaɓa ya gane jirgin da halaka ta rinjaya a kansa.

A zamanin da, sarakuna da attajiran Afirka ta Yamma sukan ratsa hamada zuwa Alƙahira, kamar yadda Mansa Musa ya yi a 1324, su shiga ayarin Masar wanda ke zagaye teku ta tudu. Hanyar gabas ita ce ta rinjaya daga baya. Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi ranar 27 ga Yuli na wannan shekara, dubban mutane suka nausa gabas, hijira da hajji suka zama tafiya ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kai jama'arsa har bakin kogin Nilu kusa da Sannar, garin da suka kafa yana nan da sunansa har yau. Sawunsu aka bi. Daga Kano sai Maiduguri, sai Fallomi wadda yanzu ake kira Injamena, sai Abashe, Jinaina, Fashir, har Al-Ubayyid inda jirgin ƙasa ya iso a 1912, daga nan Kartum, daga Kartum sai bakin teku. Tafiya ce ta fiye da kilomita 3,000, ba a yin ta a numfashi ɗaya. Mutum ya yi damina a wannan gari ya noma abin da zai ci, ya yi rani a wancan yana dako ko ɗinki. Da aka gama madatsar Sannar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai aiki ya samu, mutanen ƙasarmu kuwa auduga ba baƙuwarsu ba ce. Wani ya isa a shekara biyu, wani a bakwai, wani ya bar gida saurayi ya isa da 'ya'ya.

Duk tsawon wannan hanya Bahaushe yana cikin abin da ya sani. Ayari yana da madugu, zango yana da sarki, kowane gari akwai mai masauki da zai karɓi baƙo ya nema masa aiki, tsari ne da fataken Gwanja suka gada suka gadar. In jaki ya mutu a ɗauki kaya a ka, in kuɗi ya ƙare a tsaya a nema. Da an iso gaɓa sai duk wannan ya tsaya cik. Daga Sawakin zuwa Jidda kimanin kilomita 300 ne, bai kai ushirin abin da aka baro a baya ba, amma ba a taka shi da ƙafa, ba a yada zango a tsakiyarsa, mai jirgi kuma ba ya karɓar alkawari.

Ba a ce Bahaushe bai san ƙetare ruwa ba. Mun san fito. Kafin a yi gadoji, da damina ta yi nisa, masu fito da gora ko kwale-kwale su ke ƙetarar da mutane a Challawa da sauran kogunanmu. Sai dai mai fito ɗan gari ne, an san gidansu, yana da Sarkin Ruwa a kansa, in ya yi ganganci da ran mutum gobe zai haɗu da dangin mamacin a kasuwa. Kunya da sanayya su ne suka tsare fasinja. Matuƙin jirgin Bahar Maliya, wanda ake kira nakuda, bai san alhajin ba, ba ya jin harshensa, kuma ya tabbata in sun rabu sun rabu ke nan. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin dukkan abin da zai biyo baya.

Tsoron wannan teku tsoho ne. Kundin sarakunan Barno ya adana labarin Mai Dunama ɗan Hume na Kanem, wanda ya yi hajji sau biyu, a na uku ya halaka a ruwa, tun a ƙarni na 12. A ƙarshen wannan ƙarni, a 1183, wani marubuci mutumin Andalus, Ibn Jubair, ya ƙetare daga tashar Aizab zuwa Jidda, ya bar mana bayanin jiragen da ake hawa. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinsu, ɗinke katakan ake yi da igiyar ɓawon kwakwa, a shafe su da mai. Ya ba da labarin yadda masu jiragen ke cusa alhazai wani kan wani, don kowa yana son ya mayar da kuɗin jirginsa a tafiya ɗaya, abin da ya faru da shi bayan haka bai dame shi ba. Ƙetarawar ta ɗauke shi kimanin kwana takwas. Duk wanda ya karanta wannan bayani ya kuma saurari tsofaffin da suka ƙetare shekara ɗari bakwai da ɗoriya bayan haka, zai ji kamar jirgi ɗaya ya kwaso su.

Dalilin wahalar ba son kuɗi kaɗai ba ne, akwai halin tekun kansa. Gaɓoɓinsa biyu a shinge suke da duwatsun murjani da ke kwance dab da fuskar ruwa, masu kaifin da ke farke cikin jirgi. Waɗannan duwatsu su ne dai masu yawon shaƙatawa ke biyan kuɗi su gani a yau. Da rana gwanin matuƙi yakan gane su da sauyin launin ruwa, da dare kuwa babu dama, shi ya sa jiragen da ke bin gaɓa sukan nemi lungu su tsaya in rana ta faɗi. Ga kuma iska. A arewacin tekun iskar arewa ce ke kaɗawa kusan duk shekara, a kudancinsa kuwa takan juya ta taso daga kudu da sanyi. Jirgin da alhazanmu suka fi hawa, wato sambuk, na katako ne, ba shi da inji, babban ƙyalle ake ɗaga masa iska ta tura shi. In iska ta yi daidai, kwana biyu ko uku an ga gaɓar Hijaz. In ta kwanta, sai a zauna a tsakiyar ruwan gishiri ana kallon salka tana motsewa.

Sawakin ita ce ƙofar. Tsohon gari ne a kan tsibiri, gidajensa da dutsen murjani aka gina su, ya shiga hannun Turkawa a ƙarni na 16. Mashigar tasharsa ta yi wa manyan jirage ƙunci, sai Ingilishi suka gina Fot Sudan a arewa da ita, aka buɗe a 1909. Ciniki ya ƙaura, gidajen Sawakin suka soma zubewa, amma aka bar mata alhazai. Ana iya cewa garin ya mutu ya bar sana'a ɗaya, wato jiran watan hajji.

Kafin nan wani abu ya riga ya sauya cinikin jirgi a duk faɗin tekun. Jirage masu inji sun shigo, an buɗe mashigin Suwes a 1869, alhazan Indiya da Jawa suka yawaita, cuta kuma ta samu abin hawa mai sauri. A hajjin 1865 kwalara ta kashe mutum kimanin 15,000, ta bi jirage zuwa Masar, ta shiga Turai. A 1866 ƙasashe suka yi taro a Istanbul a kan haka, daga baya aka kafa wuraren killace alhazai, irin na tsibirin Kamaran. Masu jirage masu inji su ma ba waliyyai ba ne. A watan Agusta na 1880 wani jirgi mai suna Jeddah, ɗauke da alhazai kusan dubu daga Singafo da Finang, ya soma shan ruwa, sai kyaftin ɗinsa Bature da wasu manyan ma'aikatansa suka sulale a ƙaramin kwale-kwale suka bar fasinja. Suka isa Adan suka ce jirgi ya nutse, washegari sai ga wani jirgi ya jawo shi da mutanensa a raye. Ɗaliban adabi sun san wannan labari ta wata ƙofa, domin a kansa Joseph Conrad ya gina littafinsa Lord Jim na 1900. Abin kunya irin wannan ne ya sa gwamnatin Indiya ta damƙa jigilar alhazanta a hannun kamfanin Thomas Cook daga 1886 zuwa 1893, kamfanin da aka fi sani da kai Turawa yawon buɗe ido. Hajji da yawon shaƙatawa sun taɓa zama a ofis ɗaya.

Dokokin da aka yi ta tarawa sun haɗu a yarjejeniyar lafiya ta Faris ta 1926. Jirgin alhazai sai ya kasance da likita, kowane fasinja a ba shi fili murabba'in mita ɗaya da rabi, da ruwan sha lita biyar a yini, kuma kowane alhaji ya riƙe tikitin dawowa ko ya ajiye kuɗinsa. Hukumomin Ingilishi a Sudan suka tsaya a kan cewa alhaji ya bi ta Sawakin, ya shiga karantina, a yi masa lamba, ya mallaki takardar tafiya, ya hau jirgi mai inji, kuma kamfanin Khedivial Mail ne ke riƙe da wannan jigila. A takarda babu abin zargi. Mutumin da aka ba shi likita da lita biyar na ruwa ya fi wanda aka cusa a sambuk, wannan ba ya buƙatar gardama. Sai dai an auna dokar ne da aljihun wanda ya taso daga gida da kuɗinsa. Shi kuwa wanda ya yi shekara biyar yana tsinkar auduga, yana da mata da 'ya'ya uku, yanzu an ce ya biya kuɗin zuwa da na dawowa da na karantina na kowane kai a lokaci ɗaya. Da yawansu ma ba su yi niyyar dawowa nan kusa ba, wasu sun tafi ne da burin a binne su a Madina. Tikitin dawowa a wurinsu haraji ne kawai.

Wanda ruwa ya ci, in ji Hausawa, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Sai alhazai suka karkata kudu, suka bi ta Gadarif da Kasala suka shiga Iritiriya, wadda ke hannun Italiya har 1941, suka gangara Masawa. A can doka ta fi sassauci, sambuk kuma na nan birjik. Masu binciken tarihi sun nuna cewa daga shekarun 1920 har zuwa na 1950 alhazan Afirka ta Yamma sun yi ta ƙetarawa ta wannan ɓarauniyar hanya, ana sauke su a gaɓar da ke kudu da Jidda, wajajen Kunfuda da Al-Lis, wani lokaci ma can ƙasa kusa da Yaman, su ƙarasa da ƙafa.

A danginmu akwai wanda ya bi ta nan, ƙanen kakana na wajen uwa, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Ban riske shi ba, daga bakin kakata na ji. Yadda ta ba da labarin, su kusan arba'in ne, galibinsu Kanawa da Zagezagi da suka haɗu a gonakin Jazira. Suka naɗa dattijo ɗaya mai jin Larabci ya zama madugu, kowa ya kwance lalitarsa aka tara kuɗi a hannunsa. Ba su ga nakuda ba sai daren tashi, da dillali aka yi ciniki, shi ma Bahaushe ne da ya daɗe a bakin teku. Kwana uku ana ja-in-ja, kuma ba a kan farashi aka fi daɗewa ba. Madugu ya kafe a kan abu biyu: rabin kuɗi a gaɓar nan, rabi sai an taka ƙasar Larabawa, sannan ba za a ƙara ko mutum ɗaya a kan adadinsu ba. Na farkon an cika masa. Na biyun kuwa, da suka shiga ruwa har gwiwa cikin duhu suka hau, sai suka tarar da wasu mutane sun riga su zama. Babu wanda za a kai wa ƙara, tun da tafiyar kanta ta saɓa doka. Guzurinsu garin gero ne da dabino, ruwa kuma da awo ake ba da shi. A rana ta huɗu wata tsohuwa ta cika, aka yi mata salla a zaune don babu wurin tsayuwa, aka sa ta a ruwa. Da aka sauke su da asuba, nakuda ya nuna musu arewa da hannu ya ce ga Makka nan kusa. Sai da suka yi kwanaki suna tafiya a rairayi.

Na daɗe ina juya wannan sharaɗi na rabin kuɗi. Mutumin da bai taɓa ganin teku ba ya gane cewa abu ɗaya ne zai sa baƙo ya kai shi gaɓa, wato ya kasance yana bin sa bashi har can. Hikimar fatauci ce tsantsa, ita ce kuma iyakar abin da ke hannunsa. Ba ta hana lodi ba, ba ta kuma zaɓa masa inda za a sauke shi ba. Wasu ba su samu ko wannan ba. A gaɓar da babu hukuma, baƙar fata marar takarda yana iya zama haja, domin ba a haramta bauta a Saudiyya ba sai a 1962, kuma takardun wancan zamani cike suke da ƙorafin alhazai, musamman yara, da aka sayar. Ba na wanke nakudan da ya yi lodi ko ya ci amana. Amma ina ganin hukumar da ta tsawwala kuɗin halastacciyar hanya, tana sane da halin waɗanda ke binta, tana da nata kason a cikin kowace gawa da aka sa a ruwa tsakanin Masawa da Kunfuda. Ta tsare lafiyar waɗanda suka iya biya, ta kuma iya cewa littafinta tsaf yake, don waɗanda suka nutse ba su taɓa shiga littafin ba.

Ko a wajen ibada hanyoyin biyu sun bambanta. Malaman fiƙihu sun daɗe da ambaton Sawakin da sunanta: wanda ya taso daga can ya miƙe zuwa Jidda ba ya ratsa daidai da wani miƙati kafin ya isa, don haka da yawansu suka ce a Jidda zai ɗaura harami. Wanda aka sauke a Al-Lis kuwa Yalamlam ce a gabansa, miƙatin mutanen Yaman. Mutumin Karaye ya shiga Makka ta ƙofar Yamanawa saboda kuɗinsa bai kai na tikiti ba. Shi ma mai tikitin bai tsira daga sambuk gaba ɗaya ba, domin a wancan lokaci manyan jirage daga nesa suke tsayawa saboda duwatsun da suka kewaye tashar Jidda, ƙananan jirage ne ke kwaso mutane zuwa tudu, a nan ma sai an yi ciniki.

Akwai waɗanda teku bai ba su wannan wahala ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi hajji a 1921 ta jirgin ruwa, ya bi ta Ingila har ya gana da Sarki Joji na biyar. Akwai kuma waɗanda ba su ƙetare ba sam. Suka tsaya a Jazira ko Gadarif ko Kasala suna tara kuɗin jirgi, shekara ta bi shekara, aka haifi 'ya'ya, aka aurar da su. Masanin nan C. Bawa Yamba, wanda ya zauna da su ya wallafa bincikensa a 1995, ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunnen da aka haifa a Sudan suna kiran kansu matafiya a kan hanyar Makka. Hausawan Sudan na yau, da yawansu, zuriyar mutanen da kilomita 300 na ruwa ya tsayar ne.

Sauyi na gaske ya zo ne lokacin da shatar ta bar bakin teku ta dawo gida. A 1948 wasu attajiran Kano uku, Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Ƙasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazan Afirka ta Yamma, wadda taƙaitaccen sunanta shi ne WAPA. Masu canjin kuɗi da ke zaune a Wapa ta Fagge a yau, ba kowannensu ya san inda sunan ya samo asali ba. Da motoci suka fara, suna kai mutane ta hanyar gabas, ba da daɗewa ba suka shiga shatar jiragen sama. Ba saurin tafiya ne ya fi jan hankalina a nan ba. Abin lura shi ne alhaji ya koma yana biyan kuɗinsa ga mutumin da aka san gidansa a Kano, wanda in tafiya ta ɓaci za a same shi a zaurensa, ko a kai ƙararsa gaban Sarki. An dawo da tsarin mai fito, sai dai kogin ya faɗaɗa. Daga nan hukuma ta soma shigowa. A 1953 Abubakar Imam ya kai maganar halin da alhazan Nijeriya ke ciki gaban majalisa, ya kuma je ya gani da idonsa. A 1975 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa, a 2006 aka kafa wadda ke aiki yanzu. Ko hukuma ta fi attajiri riƙon amana, wannan gardama ce da ake yi kowace shekara a sansanin alhazai, ba kuma za a gama ta a nan ba.

Halin lodi dai bai mutu da sambuk ba. A watan Yuni na 2022 wani jirgi ya nutse a tashar Sawakin ɗin nan da tumaki fiye da 15,000 da za a kai Saudiyya, alhali abin da aka ƙayyade masa bai wuce 9,000 ba. Mu ma a gida ba mu da bakin yi wa kowa dariya. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, aka rasa rai aƙalla 29. A can mai jirgi ɗan gari ne, an san gidansu, sanayyar ba ta hana komai ba. Ashe kunyar da na yaba a baya ita ma tana da iyaka, in mutane sun yi yawa jirgi ya yi kaɗan.

Sawakin tana nan, rabinta kango. Tun farkon shekarun 1990 aka sake buɗe tasharta ga jiragen fasinja masu zuwa Jidda, waɗanda ke ƙetarawa a dare ɗaya. Da yaƙi ya tashi a 2023, masu shatar jiragen shaƙatawa suka watse, jiragen Saudiyya kuma suka yi ta kwasar dubban masu gudun hijira daga Fot Sudan zuwa Jidda, a kan ruwan da alhazai suka bi. Maniyyatan Karaye da Rogo kuwa yanzu daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano suke tashi, a jirgin shata, bayan sun biya kuɗin kujera ta hannun hukumar alhazai ta jiha. Tafiyar ta 'yan awoyi ce kawai. Bahar Maliya yakan zo ne can wajen ƙarshe, bayan an kwashe kwanukan abinci, kuma ƙetare shi ba ya kai rabin awa.